Gaiwa a Gindin Bango

Jikana mai acaɓa ne ya kawo mani labarin, yana faɗa yana ɓare gyaɗa kamar ba komai ba. Wai ya kai fasinja ƙauyenmu na da, can wajen Wagini, ya tarar da tifa ta shiga har tsakiyar tafki ana loda mata laka za a kai gari a yi gini. Na ce masa wace tsakiyar, ya ce tsakiya dai Kaka, inda ya fi zurfi, ai can ne lakar ta fi danƙo. Na jingine tsintsiya na nemi wuri na zauna. Ba laifinsa ba ne. Shi tun da ya buɗe ido, abin da ya sani game da tafkin nan rami ne mai tara ruwa da damina ya shanye shi tun ba a gama yankan gero ba. Ni da ke zaune yanzu a Safana gidan ɗana, ina shan ruwan burtsatse mai ɗanɗanon ƙarfe, na san zamanin da ruwan nan ke kai mu har cikin bazara.

Ni ba 'yar ruwa ba ce. A tudu aka haife ni, wajen Zakka, inda in ka jefa guga rijiya sai ka gama gaisawa da mutane kafin ka ji ta taɓa ruwa. Aure ne ya kai ni fadama. Da kaka aka kawo ni, kuma ranar da na fara ganin tafkin sai da na tsaya da tulu a ka, baki sake, har matan da muka je tare suka yi ta yi mani dariya suna cewa amarya ta ga teku. Bado ya rufe rabin ruwan, fararen furanninsa a buɗe saboda safiya ce. Kainuwa na yawo duk inda iska ta so. Ciyayin jema da iwa sun kewaye gaɓa sun fi tsawon mutum, belbelu na bin shanun Fulani a mashaya, ga wani zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya yana jiran rabonsa. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne ƙarar wurin. Agwagin ruwa kirinjijiya na fito in sun tashi a garke, gauraka na kira daga can ƙarshen fadama, jigon masu lambu na kukan itace duk sa'ad da aka danna shi, da magariba kuma manyan kwaɗi burduddugi su karɓe da muryarsu mai kauri har ba ka jin mai yi maka magana. Zuwana na ƙarshe, kafin daji ya lalace mu taso, injin ban ruwa kaɗai na ji yana tari yana hayaƙi.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ta koya mani aikin ruwa, kuma ba ta koyarwa da lallashi. Mukan yanki jema don ɗinkin faifai, mu shiga ruwa har ƙugu mu tsinko 'ya'yan bado, a shanya a daka a fitar da ƙwayar, in gero ya yi ƙasa a rumbu ita ke rufa asiri. Ranar da matsattsaku ya fara kama mani ƙafa na yi ihun da ya tayar da tsuntsayen tafkin gaba ɗaya. Inna ko juyowa ba ta yi ba, ta miƙo mani garin taba ta ce in barbaɗa masa, wai mai son bado ba ya ƙin matsattsaku. 'Yan matan yanzu in na ba su labarin nan sai su yamutsa fuska su ce wai mun sha wahala. Mun sha, ban musa ba. Amma ban taɓa jin an ce yau babu ruwa a garin nan ba, ban kuma taɓa sayen kifi da kuɗina ba sai da na tsufa.

Mahaifin mijina shi ne Maitafki. Ba sarauta ba ce mai rawani, aiki ne da ya gada, kuma ya fi kama da raino. Akwai datsi na ƙasa da ƙaya tsakanin ƙorama da tafkin. In ruwan farko ya zo ba ya buɗewa, sai ya bar shi ya wuce da shararsa da rairayinsa, in ƙorama ta sake kawowa sannan ya sa a fasa datsin tafki ya sha. In damina ta ja baya ya sa a toshe. Shi ke raba wa masu lambu ranakun ban ruwa, shi ke nuna wa makiyaya inda shanu za su sauka kada su tattake fangalin albasa, shi ke kiran gayya a yashe gefe-gefe in rani ya yi. Dogo ne marar yawan magana. Ni kuwa tsakanina da shi kunya ce irin ta da: in na hango shi na durƙusa nesa, in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana duban wani wuri. Baba nake ce masa a bayan idonsa, a gabansa kuwa ban taɓa haɗa kalma uku ba.

Dokarsa babba ɗaya ce, kuma ko yaron goye a garin ya san ta. Tsakiyar tafkin, wadda suke kira cibiya, ba a taɓa lakarta. A ƙarshen bazara har can ruwa ke ƙafewa, ƙasa ta tsattsage, baƙa wuluk, mai danƙon da babu irinsa a duk yankin. Baba yakan ce tafki tukunya ne, cibiya ce gindinta, ƙarƙashin lakar nan kuwa rairayi ne zalla mai ƙishirwa. Duk wanda ya huda ta ya kai ga rairayi, ya huda tukunyar gari. A cikin lakar nan ne gaiwa, wani irin kifi, ke shigewa in ruwa ya tafi, ta naɗe jikinta ta yi barci tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Na ji ana faɗin wannan, amma ni 'yar tudu ban taɓa ganin gaiwa ba, na ɗauka irin labarin da ake zolayar baƙo da shi ne.

Tun da aka kawo ni a wata tsohuwar bukka nake, tare da buhunan gyaɗa da ɓerayensu. Kwallayena da tasoshina na ɗaure cikin tsumma, babu inda zan jera su. Ban ɓoye wa maigidana cewa abin na damuna ba, ga shi kuma na fara jin alamar shigar ciki. Da bazara ta yi ya tashi haiƙan zai yi mani ɗaki. Jar ƙasar tudu da ake gini da ita na da nisa, jakin gidan ɗaya ne, damina kuma ta kusa. Ni dai na ga gini na tashi da sauri, na yi ta murna, ban tambayi komai ba. Aka yaɓe shi da jar ƙasa ciki da waje, aka kwashe itacen tsohuwar bukka da jinkarta aka ɗora masa, mata suka taru muka yi daɓe da makuba muna waƙa har ƙasan ya yi sheƙi. Na jera kayana. Wallahi duk gidajen siminti da na shiga daga baya, babu wanda ya yi mani daɗin ɗakin nan. Shi ne abu na farko a duniya da aka ce nawa ne.

Ko sati biyu ban yi a ciki ba ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, tun azahar har la'asar, ya kwanta a gindin bango ya jiƙa shi sharkaf. Washegari da hantsi ina shara a bayan ɗaki sai na ga yaɓen gindin bangon ya kumbura ya tsage, wani abu mai santsi, launin toka, yana murɗawa yana fitowa a hankali. Na yar da tsintsiya na kwarma ihu ina kiran maciji. Inna ta fito da taɓarya a hannu, ta duba, sai na ga ta sauke taɓaryar a hankali.

"Ke ɗiyar nan, ba maciji ba ne. Gaiwa ce," in ji ta.

Na fara dariya, dariyar wanda ya tsira. Na ce ashe kifi ma na hawa tudu a garin nan. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Yaron ga ya kashe mu."

Sai a lokacin na fahimta. Gaiwa ba ta kwana ko'ina sai cibiya.

Ihuna ya riga ya tara maƙwabta, babu sauran abin rufewa. Baba ya shigo da sandarsa, ya tsuguna, ya sa aka kawo ƙwarya da ruwa ya ɗauki gaiwar ya saka ciki kamar mai ɗaukar jariri. Sannan ya sa wuƙa ya kankare yaɓen. Ƙarƙashin jan nan baƙar laka ce, manyan hoguna da aka sassaro a bushe aka jera. Maigidana na tsaye gefe, kansa a ƙasa. Da yake ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa.

"Kai, wagga laka daga ina?"

Maigidana ya ƙara sunkuyar da kai.

"Magana nika yi."

"Daga cibiya, Baba. Ranar kasuwa na ɗebo, da ba kowa. Na maida ciyawa na ruhe."

"Ka kai ga rairayi?"

Maigidana ya ce, "Na kai."

Baba ya miƙe yana dafa sanda. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "To abin da ka ɗauko ka maida shi inda ka same shi, kahin ƙorama ta sake kawowa. Wata ƙasa ba ta toshe wurin nan sai tata."

"Baba, gindin ɗakin ne duka. In an zare shi ɗakin ya hwaɗi."

"Na ga gini tun ba a haihe ka ba."

Inna ta matsa kusa da shi ta rage murya, amma na ji. "Malam, ka dubi yarinyar nan. Ba ita kaɗai ba ce, ga damina ta kawo kai. A bari sai rani mana."

"In an bari sai rani, mi za a sha da rani?" in ji shi. "Shekarun baya da na sa mutum ya rushe rumbunshi kan wagga magana, shi ba shi da iyali? Ko don wanga nawa ne?"

Ya ɗauki ƙwaryar ya fita, ko inda nake bai duba ba.

Na tsani tsohon nan a ranar, ba zan yi ƙarya ba. Na shiga ɗaki na rufe na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Da maigidana ya shigo yana lallashi, wai don ni ya yi, na ce masa ni na aike ka? Kai ka yi ɓarna, kifi ya tona, ni aka rushe wa ɗaki. Na ɗaure kayana na ce gobe tudu zan koma, can ko rijiyarmu ta yi zurfi ba a rusa wa mutum ɗaki don ruwa. Ya zauna bakin gado. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sauri ne kawai ya haifar masa da nawa.

Da gari ya waye maza suka taru. Aka fitar da kayana, aka sauke jinka, aka sa gatari da magirbi. Ina tsaye a ƙofar Inna ina kallon daɓen da muka yi da hannunmu yana farfashewa. Aka yi ta jigila da jakuna a mangala, mata na bin su da tuluna. A cikin hogunan aka sami wasu gaiwar da ruwa bai kai gare su ba, kowace naɗe cikin wata busasshiyar fata, aka mayar da su tare da lakar. Ni ban yi niyyar zuwa ba, amma da gida ya yi shiru na kasa zama, na bi su. Na tarar da mutanen gari gaba ɗaya a cibiya, an jiƙa lakar ana tattakawa da ƙafa, har wani Bafulatani ya kawo shanunsa ana zagayawa da su a kai. Maigidana na tsakiya, laka har cinya, babu mai yi masa gori. Shi ma Baba na ciki, ya naɗe wando, yana tattakawa da tsofaffin ƙafafunsa. Hadari na haɗuwa a gabas suna aikin.

Da muka dawo gida ban ga ƙullin kayana inda na bar shi ba. Inna ta nuna mani ɗakin Baba da baki. Na leƙa, sai ga gadona da kwallayena a ciki, an share an gyara. Buzunsa da butarsa da 'yan kayansa kuwa suna zaure, zauren da jinkarsa ta tsufa, ga ƙofa gaba ga ƙofa baya.

"Ya ce ki shiga," in ji Inna.

Na ce wallahi ba zan iya ba, in kwana ɗakin suruki shi yana zaure? A bar ni in kwana cikin yara a ɗakinki.

"Na hwaɗa mashi haka. Ya ce mai ciki ba ta kwana cikin shure-shuren yara, shi kuma dattijo ba ya tarewa ɗakin mata. Kin san halinshi. In kin ƙi, kin ƙara mashi wani nauyin ne."

Na shiga. Maganar komawa tudu ban sake tayar da ita ba.

Na sha juya abin nan a raina tun da na tsufa. Yanzu in aka ce a kiyaye ruwa, sai a jira gwamnati ta zo da mota da allo a kafa. Kowa ya haƙa rijiyarsa a lambunsa ya sa inji, wanda ya fi mai shi ya fi ruwa, kuma ba na zargin kowa, don baki ya yi yawa, ciki ba ya jiran doka. Wataƙila ko Baba na raye da injin nan ya fi ƙarfinsa. Amma na ga zamanin da ruwa ke da mai shi, kuma mai shi ɗin ba wanda ya fi kowa sha ba ne. Ban san wannan ba sai da na kwana a ɗakinsa damina guda ina jin ruwa na sauka a kan jinka mai kyau, na kuma san inda yake ɗiga.

Daminar ta yi ruwa sosai, kuma ba a gini da damina. Maigidana ya ƙara wa zauren ciyawa, ya rataya zana a ƙofa, amma iskar hadari ba ta san zana ba. Tun ana noma na biyu Baba ya fara tari. Da asuba nakan ji shi daga ɗaki, in ji kamar in nutse. Nakan dama kunun tsamiya in ba Inna ta kai masa, ba na cewa daga ni ne. Na roƙe ta ta ce ya dawo ɗakinsa ni in koma ko'ina, ya aiko cewa magana ɗaya yake yi. Kafin a yanke dawa ya kwanta, ko masallaci ba ya iya zuwa.

Ashe duk cikar da tafki ya yi da damina ba ita ce shaida ba. Sai ruwan sama ya ɗauke ake sanin ko tukunya na yoyo. Akwai wata kanya a gaɓar yamma da saiwarta ta miƙa cikin tafkin, da ita Baba ke awo: in aka shigar da dawa gida ruwa na kan saiwar nan, to zai kai bazara. Kullum yana tambayar masu zuwa gaishe shi, kullum suna ce masa lafiya lau, ya kwantar da hankalinsa.

Ana gobe za a kai ni gida goyon ciki, na zo wucewa ta zaure da hantsi, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, zan tashi sai na ji ya ce, "Ɗiyata."

Bai taɓa kirana ba. Na koma na durƙusa.

"Ki tahi ki dubo mani saiwar kanya. Su duk tausayina suka ji. Ke ɗai ce cikin gidan ga ba ki da dalilin yi mani ƙarya mai daɗi."

Na tafi da tsohon cikina ina hutawa a hanya. Ban san sa'ad da na fara addu'a ba, ni da na yi fatan tafkin nan ya ƙafe kowa ya huta. Na ratsa jema na sauka gaɓa. Ruwa ya yi sanyi, ya kwanta luf. Ban yarda da idona ba, na tattare zane na shiga, na lalubi saiwar da hannu. Tana ƙasa, ruwa ya rufe ta har ya wuce wuyan hannuna. Can tsakiya, daidai inda aka tattake, bado ya fito, ganyensa ƙanana, bai kai na gefe ba tukuna.

Na dawo na durƙusa a ƙofar zaure, zanena na ɗiga.

"Baba, ruwa na bisa saiwa. Da hannuna na taɓa."

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe, Baba."

Ya rufe ido. Sannan ya ce, "Alhamdulillahi. To ki ce ma wancan yaron, in rani ya yi shi gina maki ɗakinki. Da jar ƙasa. Ki yi haƙuri da ni, na san kina son shi."

 Na ce Allah ya ba ka lafiya, Baba. Ya ce amin, Allah ya sauke ki lafiya.

Na haihu a gidanmu, na yi wanka na gama, aka maido ni da goyo a tsakiyar rani. Tun daga nesa na hango ruwan tafki yana ƙyalli, masu lambu na kan jigo. A tsakar gida ga sabon ɗaki tsaye, jan bango, an yi masa daɓe ana jirana. Amma kafin in kai gare shi sai da na ratsa zaure. An share shi tas, an naɗe buzun Baba, Allah ya jiƙansa, an rataye.